Odilon Redon: Mai zanen da ya bar gawayi ya koma furanni bayan ya haura shekara 50

Duk wanda ya ga furannin da Odilon Redon ya zana, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa cunkus a cikin tulu, da wuya ya yarda cewa mutumin ya shafe fiye da shekara 20 kusan ba ya taɓa wani launi sai baƙi.

An haife shi a birnin Bordeaux na Faransa ranar 20 ga Afrilun 1840, ya tashi a gonar gidansu da ke Peyrelebade yana yaro mai yawan laulayi. Mahaifinsa ya so ya zama mai zanen gine-gine, amma ya faɗi jarrabawar shiga makarantar a Paris. Wanda ya buɗe masa ido a kan tsirrai shi ne abokinsa Armand Clavaud, masanin ilimin tsirrai.

Bayan ya dawo daga yaƙin Faransa da Furushiya na 1870, sai ya rungumi gawayi. Abin da ya riƙa zanawa na ban tsoro ne: ƙwayar ido tana shawagi kamar balan-balan, gizo-gizo yana murmushi. A kan irin waɗannan aka fara saninsa.

Ɗansa na fari, Jean, ya rasu yana jariri a 1886. An haifi Arï a 1889, aka sayar da gonar Peyrelebade a 1897, kuma a tsakanin nan ne launi ya shiga aikinsa. Masana kan danganta sauyin da sanyin zuciya da ya samu. A ganina akwai kuma dalili na hannu. Fastel garin launi ne da aka ɗaure da ɗan ƙaro aka mulmula shi kamar alli, ana riƙe shi yadda ake riƙe gawayi, a goga a takarda, a murza da yatsa. Ba a jiƙa shi, ba a jiran ya bushe, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zanen furen da zai iya yaushi kafin gobe.

Matarsa Camille Falte, 'yar tsibirin Réunion da ya aura a 1880, ita ce ke jera masa furannin. Yakan zana kowane fure yadda za a gane shi, amma sau da yawa sai ya ɓatar da teburin, tulun ya tsaya cikin hazon launi kamar babu abin da ke riƙe da shi.

A 1913 an baje ayyukansa a babban baje kolin Armory Show a New York. Ya rasu a Paris ranar 6 ga Yulin 1916. Gidan tarihi na Orsay na ajiye da zanensa da dama, a bayan gilashi da haske kaɗan, domin ko girgiza na iya kakkaɓe garin fastel daga takarda.