Sarki Qingxiang na Chu da Asalin Karin Maganar Gyaran Shinge

Xiong Heng, wanda tarihi ya fi sani da Sarki Qingxiang, ya mulki daular Chu da ke kudancin ƙasar Sin daga shekarar 298 zuwa 263 kafin Miladiyya, a zamanin da manyan dauloli bakwai ke gwabza yaƙi da juna. Cikin ƙasƙanci ya hau gadon sarauta. Daular Qin ta yaudari mahaifinsa, Sarki Huai, da sunan ganawar sulhu, ta tsare shi har ya rasu a hannunta a 296. Shi kansa yariman yana zaman garkuwa a daular Qi aka kirawo shi ya karɓi mulki.

Sai a zaci wanda ya ga irin wannan zai kwana cikin shiri, amma bai yi ba. Ya kori bafade kuma mawaƙi Qu Yuan daga fada, ya jawo 'yan lele huɗu a jika, ya duƙufa ga shagali. Wani dattijon bafade, Zhuang Xin, ya gargaɗe shi cewa birnin Ying, fadar daular, na cikin haɗari. Sarki ya ɗauki maganar ruɗin tsufa. Dattijon ya nemi izini ya ƙaura zuwa daular Zhao.

A 278, Bai Qi, sarkin yaƙin Qin, ya ci Ying, ya ƙona makabartar sarakunan Chu da ke Yiling. Qingxiang ya tsere, ya aika a dawo da mutumin da ya raina, ya amsa laifinsa, ya tambaye shi abin yi. Amsar da ya samu ita ce ta zama karin magana. Zhuang Xin ya nuna masa cewa maharbin da ya kira karensa bayan ya hango zomo bai makara ba, haka ma makiyayin da ya gyara shingensa bayan tunkiya ta ɓace. Ya ƙara da misalan mazari da ɗan tsuntsu da wani basarake na Cai, waɗanda duk suka shagala har halaka ta cim musu.

Abin lura ga mai nazarin karin magana shi ne, Zhuang Xin bai yi iƙirarin ƙirƙirar zancen ba. Ya gabatar da shi a matsayin maganar talakawa da ya ji. Ke nan daga baka ya shiga rubutu, ta littafin *Zhanguo Ce* wanda Liu Xiang ya tattara a zamanin daular Han. Daga baya aka taƙaita shi zuwa gaɓoɓi huɗu, *wang yang bu lao*, batun zomo kuwa ya koma gefe. Ma'anarsa ta saɓa da ihu bayan hari, domin hankalin makiyayin na kan tumakin da suka rage.

Sarki ya ba Zhuang Xin sarautar Yangling. Ya mayar da fada birnin Chen, sannan a 276 ya tara mayaƙa sama da 100,000 ya ƙwato garuruwa 15 a gaɓar kogin Yangtze. Gyaran dai rabi ne, don Ying bai sake komawa hannun Chu ba. Qingxiang ya rasu a 263, ɗansa Kaolie ya gaje shi, kuma a 223 Qin ta haɗiye daular baki ɗaya.