Waliyi Agustin na Hippo: Bishop Wanda Ya Ƙi Sa Wa Ranar Ƙarshe Lokaci

Kowace shekara a ranar 28 ga Agusta Ikilisiya takan tuna da Waliyi Agustin, kwana ɗaya bayan idin mahaifiyarsa Monika. Yawancinmu mun san labarin tubansa da hawayen da uwarsa ta zubar dominsa. Amma akwai sashen rayuwarsa da ba a cika faɗa ba, ga shi kuwa ya shafe mu ƙwarai, da yake ba a rasa masu wa'azi a tasha da kasuwa da rediyo waɗanda ke yanka mana shekara da watan komowar Ubangiji.

An haife shi a ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau. Ɗan Afirka ne. Ya yi karatu a Madaura da Kartaj, ya gwanance a fasahar jawabi. A Kartaj ya zauna da wata mace ba aure, ta haifa masa ɗa, Adeodatus, ya kuma yi shekara tara yana bin koyarwar Mani. Neman suna ya kai shi Roma a 383, daga nan sai Milan a 384, inda wa'azin Bishop Ambros ya soma sassauta zuciyarsa. Ya tuba a 386, Ambros ya yi masa baftisma a daren Ista na 387. A shekarar ce Monika ta rasu a Ostiya, suna hanyar komawa gida. A 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka matsa aka keɓe shi firist, wajen 395 kuwa ya zama bishop.

A zamaninsa lissafin ranar ƙarshe ya zama ruwan dare. Waɗansu suka ɗauki kwana shida na halitta, suka haɗa da wasiƙar Bitrus ta biyu, sura 3, inda aka kwatanta kwana ɗaya a wurin Allah da shekara dubu. Sai suka yanke cewa duniya za ta yi shekara 6,000, sa'an nan a shiga hutun shekara dubu da Ru'ya ta Yohanna, sura 20, ta ambata. Hippolitus na Roma, malamin ƙarni na uku, ya sa cikar lissafin a wajen shekara ta 500. Masu bautar gumaka ma suna da nasu duban, wai addinin Kirista ba zai wuce shekara 365 ba. Agustin kansa ya taɓa karkata ga ra'ayin hutun shekara dubu, kuma bai ɓoye hakan ba a cikin rubuce-rubucensa na baya.

A ranar 24 ga Agusta, 410, Alarik da mayaƙansa na Got suka shiga Roma, suka yi kwana uku suna kwasar ganima. 'Yan gudun hijira suka haye teku zuwa Afirka. Masu bautar gumaka suka ɗora wa Kiristoci laifi, Kiristoci da yawa kuwa suka ɗauka ƙarshen duniya ke nan. Don amsa wa duka biyun Agustin ya soma rubuta Birnin Allah a 413, bai gama ba sai wajen 426, littafi 22 cif.

A littafi na 20 ya bayyana cewa shekara dubun nan adadi ne na cika, mai nufin dukan zamanin Ikilisiya, tun daga zuwan Kristi na fari har na biyu. Ɗaure Shaiɗan shi ne hana shi ruɗin al'umman da ake tara Ikilisiya daga cikinsu. Tashin farko shi ne tashin rai daga mutuwar zunubi, wanda muke samu tun a nan duniya, tashin jiki kuwa yana gaba. Abin koyi a nan, ya amfana da nazarin Tikoniyus, wani malami daga 'yan Donatus, ƙungiyar da shi Agustin ya daɗe yana jayayya da ita. A littafi na 18 kuma ya nuna cewa shekara 365 ɗin ta riga ta wuce, Ikilisiya kuwa sai ƙaruwa take yi, ya shawarci masu ƙidaya da yatsu su huta.

Inda ya fi zurfafa maganar shi ne cikin wasiƙunsa zuwa ga Hesikiyus, Bishop na Salona a ƙasar Kroshiya ta yau. An yi husufin rana a ranar 19 ga Yuli, 418, hankula suka tashi. Hesikiyus, mutum mai ibada, yana ganin makonni saba'in na Daniyel, sura 9, da alamun sama suna nuna zuwan ya kusa. Agustin ya amsa masa da ladabi, ya yaba marmarinsa na ganin Ubangiji, amma bai yarda da lissafinsa ba. Ya tuna masa da Ayyukan Manzanni, sura 1, inda Yesu ya hana manzanni kansu sanin lokatan da Uba ya riƙe a ikonsa. Ya nuna cewa makonnin Daniyel sun shafi zuwan farko, cewa waɗansu alamun da ke cikin Luka, sura 21, sun cika da rushewar Urushalima a shekara ta 70, kuma yaƙi da yunwa ba su taɓa barin duniya ba.

Sa'an nan ya kawo hujjar da ta taɓa mu. Bisa ga Matta, sura 24, sai an yi wa'azin Bishara ga dukan al'ummai kafin ƙarshe. Agustin ya ce a cikin Afirka, bayan iyakar daular Roma, akwai kabilu ba iyaka da ba su ji ta ba tukuna, ya san haka daga bayin da ake kamowa daga can. Mu da sai a 1907 Fadan mishan suka kafa sansani a Shendam, muna iya auna yawan alherin da ke cikin abin da waɗansu suke kira jinkiri.

Ya rufe da misalin bayi uku masu ƙaunar maigidansu, dukansu suna tsaro. Na fari yana cewa maigida ya kusa, na biyu yana cewa zai daɗe, na uku ya amsa cewa bai sani ba. Agustin ya zaɓi na ukun. Dalilinsa na makiyayi ne: in aka yi wa mutane alkawarin lokaci, lokacin ya wuce, raunana za su soma tunanin ba ya zuwa sam. Ya ƙara da cewa halin da ranar mutuwar mutum ta same shi, a cikinsa ranar shari'a za ta same shi.

Allah kuwa ya gwada shi da koyarwarsa. A 429 Genserik ya ƙetaro da 'yan Vandal daga Sifen, a 430 suka kewaye Hippo. Aikin shekara arba'in yana rushewa a gabansa, duk da haka bai yi shelar ƙarshen duniya ba. Ya gargaɗi firistoci kada su gudu su bar garken da ba shi da wurin gudu, shi ma ya zauna. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, almajirinsa Fosidiyus ya shaida cewa ya sa an rubuta Zaburan tuba an manna a bango, yana karantawa yana kuka. Ya rasu a ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Ƙasusuwansa suna Faviya, a Italiya.

Ikilisiya ta bi sawunsa. A 1516 Majalisar Lateran ta biyar ta hana masu wa'azi tsai da lokacin ranar shari'a. Waɗanda suka ƙi jin wannan gargaɗi sun sha kunya: mabiyan William Miller a Amurka a 1844, da na Harold Camping a 2011, har waɗansu suka rabu da gonaki da dukiya a banza.

Saboda haka, 'yan'uwa, in wani ya zo mana da kwanan wata, kada mu firgita, kada kuma mu yi wa alkawarin ba'a. Ubangiji zai komo, haka muke shaidawa kowace Lahadi. Mu nome gonakinmu, mu sa 'ya'yanmu a makaranta, mu sulhunta da maƙwabci, mu je ikirari tun muna da numfashi.

Waliyi Agustin, ka yi addu'a dominmu. Amin.