Benjamin Britten (1913–1976): Mai Tsara Kiɗan da Ya Ƙi Ɗaukar Makami

A al'adar Hausa, mawaƙi shi ke ƙaga waƙarsa, shi ke rera ta. A Turai kuwa akwai wanda aikinsa shi ne ya rubuta kiɗa a takarda, wasu su kaɗa, wasu su rera. Irin wannan ne Benjamin Britten, wanda masana ke sanyawa a sahun gaba na masu tsara kiɗa a Birtaniya a ƙarni na ashirin.

An haife shi ranar 22 ga Nuwamba, 1913, a Lowestoft, wani gari na bakin teku a gabashin Ingila. Mahaifinsa likitan haƙori ne. Tun yana yaro ya yi karatu a hannun Frank Bridge, wanda bai tsaya ga koya masa kiɗa ba, har da ƙyamar yaƙi ya cusa masa. Bayan ya kammala kwalejin kiɗa a Landan, sai ya kama aiki a 1935 a sashen shirya finafinai na hukumar gidan waya. A nan ya haɗu da marubucin waƙa W. H. Auden, suka yi aikin fim ɗin Night Mail a 1936. A nan ne kuma ya koyi auna kiɗa daidai da tsawon hoto, abin da ya amfane shi daga baya.

A 1939 ya tafi Amurka tare da mawaƙi Peter Pears, abokin zamansa da aikinsa har ƙarshen rayuwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, wasu a gida suka riƙa yi musu kallon waɗanda suka gudu. Sun koma Ingila a 1942, Britten ya gurfana gaban kwamitin da ke sauraron masu ƙin shiga soja saboda aƙida. Da farko an yanke cewa ya yi wa soja aikin da ba na fagen daga ba. Ya ɗaukaka ƙara, aka ɗauke masa gaba ɗaya.

Sunansa ya fito sosai ranar 7 ga Yuni, 1945, da aka fara nuna Peter Grimes a Landan. Ofera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera zantukansa da kiɗa, kuma labarin wani masunci ne da mutanen garinsa suka tsangwama har ya halaka. Mutum ɗaya a gaban jama'ar da ba ta yarda da shi ba: wannan jigo bai rabu da Britten ba. A watan Yuli na shekarar ya raka mai goge Yehudi Menuhin Jamus, suka yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin Belsen kiɗa. A 1962 kuma ya gabatar da War Requiem a sabon babban cocin Coventry, wanda aka gina bayan bama-baman Jamus sun rusa tsohon a 1940. Ya so mawaƙa uku, Bature ɗan Ingila da Bajamushe da 'yar Rasha, su tsaya dandali ɗaya, amma hukumomin Tarayyar Sobiyet suka hana tasu zuwa.

Aikin da ya fi bayyana matsayinsa ƙarara shi ne wanda ya tsara musamman domin talabijin, Owen Wingrave, wanda BBC ta nuna ranar 16 ga Mayu, 1971, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Daga wani gajeren labari na Henry James aka ɗauko shi, Myfanwy Piper ta rubuta baitocin. Owen saurayi ne daga gidan da aikin soja gado ne, sai ya ce shi ba zai yi ba. Kakansa ya cire shi daga gado, budurwarsa ta kira shi matsoraci, ta ce in ya isa ya kwana a ɗakin da ake cewa akwai fatalwa. Ya shiga, aka iske gawarsa. Britten ya dage a ɗauki wasan a zauren Snape Maltings kusa da gidansa na Aldeburgh, ba a ɗakin ɗaukar shirye-shirye na Landan ba. Ya kuma yi amfani da abin da dandali ba ya iyawa: a wurin cin abinci, kyamara na matsowa fuskar kowa, mai kallo na jin abin da ke ransa. A ganina wasan bai kai Peter Grimes ƙarfi ba, domin dangin Owen sun fito da fuska ɗaya, babu mai hujjar da za ta girgiza mai kallo. Duk da haka, ba ƙaramin abu ba ne mutumin da aka taɓa yi wa gorin tsoro ya shigar da wannan muhawara cikin ɗakunan 'yan ƙasarsa bayan kusan shekara talatin.

A 1973 aka kai wasan dandalin Covent Garden. A shekarar ce aka yi masa tiyatar zuciya wadda ta bar shi da rauni a hannun dama, aka kuma nuna oferarsa ta ƙarshe, Death in Venice. A 1976 aka naɗa shi ɗan Majalisar Iyayen Ƙasa ta Birtaniya. Ya mutu a Aldeburgh ranar 4 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 63, aka binne shi a harabar cocin garin.