Marie Antoinette: Baƙuwar Sarauniyar Da Juyin Juya Halin Faransa Ya Ci

An haifi Marie Antoinette a birnin Biyana ranar 2 ga Nuwamba 1755, ita ce ta 15 cikin 'ya'ya 16 da Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta haifa wa Sarki Francis na ɗaya. Mahaifiyarta ta ɗauki auren 'ya'yanta mata a matsayin igiyar ɗaure ƙawance tsakanin masarautu. Faransa da Ostiriya sun daɗe ba su ga maciji da juna, sai a 1756 suka sasanta, kuma wannan yarinya aka zaɓa ta zama hatimin sulhun.

A watan Mayun 1770, tana da shekara 14, aka kai ta wani tsibiri a tsakiyar kogin Rhine, aka sauya mata tufafin ƙasarta da na Faransa, 'yan rakiyarta suka juya. Ranar 16 ga watan aka yi bikin aurenta da Louis, jikan Sarki Louis na 15, a fadar Versailles. Makonni biyu bayan haka, a wasan wutar da aka shirya don murnar auren a birnin Faris, turmutsitsi ya kashe mutum sama da 130.

Da Louis na 15 ya rasu ranar 10 ga Mayu 1774, ta zama sarauniya tana da shekara 18. Mijinta, Louis na 16, mutum ne mai kunya da jinkirin yanke shawara, wanda farauta da ƙera makullai suka fi ɗaukar hankalinsa. Sun shekara takwas babu haihuwa, abin da ya ba 'yan tsegumi abin taunawa, kafin ta haifi 'yarta ta fari a Disambar 1778. A tsakanin nan ta nemi abin ɗebe kewa a caca, raye-raye da tufafin da telarta Rose Bertin ke ɗinka mata. Ta mayar da ƙaramin gidan Petit Trianon mafakarta, inda ba a shiga sai da gayyatarta, ta kuma yi wa ƙawarta Polignac da danginta ruwan muƙamai da fansho. A nan ta yi babban kuskurenta na siyasa. Manyan gidajen sarauta da aka bari a bakin ƙofa sun ji haushi, kuma daga cikin fadar kanta ƙazafin farko ya fara fita, kafin ya isa hannun masu buga ƙasidun batsa da ake sayarwa a ɓoye a titunan Faris.

Abin da ya ƙarasa zubar da mutuncinta, ba ta da hannu a cikinsa. Wata 'yar damfara mai suna Jeanne de la Motte ta lura cewa Kadinal Rohan, babban limamin fada, yana neman shiga wurin sarauniyar da ta daɗe ba ta yi masa magana. Sai ta riƙa kawo masa wasiƙun jabu da sunan sarauniya, har ta shirya masa ganawar dare a lambun Versailles da wata mata mai kama da ita. Da ya amince, aka ce masa sarauniya na son ya tsaya mata ta sayi wata sarƙar lu'ulu'u a asirce, kan kuɗi liba miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Ya karɓo sarƙar, ya miƙa wa 'yan damfara, suka wargaza ta suka sayar da duwatsun, mafi yawa a Landan. Da masu sarƙa suka zo neman kuɗinsu, asiri ya tonu, aka kama Rohan ranar 15 ga Agusta 1785. Sarauniya ta goyi bayan a yi shari'a a bainar jama'a don a wanke ta. A ƙarshen Mayun 1786 kotun Faris ta wanke Kadinal, jama'a suka yi ta shewa. Ma'anar hukuncin a wurinsu ita ce, ba abin mamaki ba ne a zaci sarauniyar Faransa za ta gana da namiji da dare saboda sarƙa.

Daga nan aka laƙaba mata sunan uwar giɓin kasafi. Almubazzarancinta gaskiya ne, amma lissafi bai goyi bayan laƙabin ba. A kasafin 1788, kimanin rabin abin da gwamnati ke kashewa yana tafiya ne wajen biyan bashi da ruwansa, bashin da yaƙe-yaƙe suka tara, har da taimakon da Faransa ta ba Amurka a yaƙinta da Ingila. Fadar gaba ɗayanta ba ta wuce kusan kashi shida cikin ɗari ba. Sai dai talaka ba ya ganin takardun baitulmali, amma yana ganin karusa da kwalliya. Hatta maganar nan da ake jingina mata, cewa ta ce masu kukan rashin burodi su ci kek, babu shaidar ta fito daga bakinta. Makamanciyarta tana cikin littafin da Rousseau ya rubuta tun tana yarinya a Biyana.

A Mayun 1789 sarki ya kira majalisar rukunoni uku don neman mafita. A Yuni babban ɗanta ya rasu yana da shekara bakwai, ƙasar ba ta ko waiwaye ta ba. Ranar 14 ga Yuli aka fasa kurkukun Bastille. A farkon Oktoba dubban matan kasuwa suka taka zuwa Versailles suna neman burodi. Da asubar 6 ga wata aka kutsa fada, aka kashe dogarai biyu, ita kuma ta tsira ta wata ɓoyayyar ƙofa. Ranar aka tasa ƙeyar iyalin zuwa fadar Tuileries a Faris.

Tun daga lokacin ta nuna ƙarfin zuciyar da mijinta ya rasa, amma ta kashe shi a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Ba ta taɓa yarda da tsarin mulkin da ya rage ikon sarki ba. A daren 20 ga Yuni 1791, da taimakon amininta Axel von Fersen ɗan Suwidin, suka yi ɓad da kama suka gudu. Wani shugaban gidan waya mai suna Drouet ya gane sarki, aka tsare su a Varennes aka komo da su. Kafin a fara yaƙi da Ostiriya a Afrilun 1792, ta aika wa jakadan ƙasar haihuwarta bayanin shirin sojojin Faransa. Wannan kam cin amanar ƙasa ne a kowace doka, duk da cewa a ganinta sarki shi ne ƙasa.

Ranar 10 ga Agusta 1792 aka auka wa Tuileries, aka tsare iyalin a hasumiyar Temple. A Satumba aka kashe ƙawarta Lamballe, aka kawo kanta a kan mashi har ƙarƙashin tagarsu. An soke sarauta a watan, aka fille kan Louis ranar 21 ga Janairu 1793. A Yuli aka ƙwace mata ɗanta mai shekara takwas, a Agusta aka mayar da ita kurkukun Conciergerie.

Shari'arta ta fara ranar 14 ga Oktoba. Abin lura shi ne, mai gabatar da ƙara Fouquier-Tinville ba shi da wasiƙun da za su tabbatar da laifin da ta aikata da gaske, don haka aka cike gurbi da jita-jita. Ɗan jarida Hébert ya zo da ƙazafi mafi muni, cewa ta yi lalata da ɗan cikinta. Ta ƙi amsawa da farko, da aka matsa sai ta juya ta kai ƙararta ga duk uwar da ke zauren, har matan da suka zo kallon faɗuwarta suka tausaya mata. Hakan bai canja komai ba. Da asubar 16 ga Oktoba aka yanke mata hukuncin kisa. Ta rubuta wa ƙanwar mijinta Elisabeth wasiƙar ban kwana, wadda ba a taɓa isar mata ba. Aka aske mata gashi, aka ɗaure hannayenta ta baya, aka ɗora ta a buɗaɗɗen amalanke zuwa dandalin juyin juya hali. Da ƙarfe goma sha biyu da kwata na rana injin fille kai ya sauka, tana da shekara 37.

Hébert ya bi ta a kan injin a Maris ɗin 1794, Fouquier-Tinville a Mayun 1795. Ɗanta ya mutu a tsare a Yunin 1795 yana da shekara goma. 'Yarta ta fari kaɗai ta fita da rai, bayan an yi musayarta da fursunonin Faransa da ke hannun Ostiriya. A Janairun 1815, da sarauta ta dawo, aka tono abin da ya rage na gawarta daga maƙabartar Madeleine, aka sake binne shi tare da na mijinta a cocin Saint-Denis.