Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da haɗin kan fatake ya mayar attajirin Afirka ta Yamma

Ranar 17 ga watan Agustan 1955 Allah ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a birnin Kano, a lokacin da ake kallonsa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Masu ba da labarinsa sukan fi tsayawa kan dalar gyaɗa da raƙuman da suka kai kuɗinsa banki. Amma kafin wannan duka akwai ƙaramin garin Bebeji, akwai kuma tsarin haɗin kan fatake da ya ɗauki yaro maraya ya kai shi har bakin teku. Wannan tsarin ne ya kafa da yawa daga cikin zangunan da Hausawa ke zaune a cikinsu yau a Ghana da Togo da Benin.

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a Bebeji, kudu da birnin Kano. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, waɗanda masana tarihi ke danganta asalin kakanninsu da ƙasar Abzinawa, cikin Nijar ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne manyan rukunoni uku da suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Kowane rukuni yana auratayya a tsakaninsa, yana ba ƴaƴansa jari, yana kuma tsaya wa nasa idan bashi ko rigima ta taso a ƙasar wasu. Garuruwa irin su Bebeji da Madobi sun bunƙasa ne saboda irin waɗannan gidaje sun zauna a cikinsu. A nan ake tara jakuna da kaya, a nan ake ɗaukar masu ɗaukar kaya, nan kuma ribar take dawowa.

Mutum ɗaya ba ya iya tafiya Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara guda, ta ƙasar Borgu da Sansanne Mango da Yendi har Salaga, inda babbar kasuwar goro take. Don haka ayari kan tashi da ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, kuma kowa ya san aikinsa. Madugu ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa, a raba nauyin a kan kowa gwargwadon kayansa. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin yada zango, malamin ayari kuma na riƙe da lissafi da addu'a. Sukan tafi da kanwa da tufafin rini da kayan fata da dabbobi, su dawo da goro. A kowane babban zango akwai mai masauki, wanda ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan za a ba shi kaya bashi. Ba takardar kotu ke tsare wannan ciniki ba. Wanda ya ci amana, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba.

Alhassan yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu, wajajen 1885. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce, ta koma Accra da zama, ta bar ƴaƴanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunanta aka samu Ɗantata. Ya yi karatun allo a Bebeji cikin ƙunci, yana ƴan ayyuka don ya ci, kuma a lokacin ne ya koyi tara kuɗi a asusu. Da ya kai wajen shekara 15 ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Ya zauna a Accra na wani lokaci yana karatu da ƙananan saye da sayarwa, sannan ya koma gida.

Yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa ya rutsa da shi. An kama shi tare da wasu ƴan'uwansa, aka ƙwace abin hannunsu, sai da fansa suka kuɓuta. A Gwanja ma al'amura sun rikice: yaƙin cikin gida na 1892 ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da wasu garuruwa. Kasuwar ta tashi, amma dangantakar da ke tsakanin fatake da masu masauki ba ta mutu ba. Duk inda suka sauka sai sabon zango ya tsiro.

A farkon ƙarni na 20 Ɗantata ya lura cewa hanyar ƙasa ta fara tsufa. Turawan Ingila sun shimfiɗa layin dogo daga Sekondi zuwa Kumasi a 1903, jiragen ruwa kuma na zirga-zirga tsakanin gaɓar Gold Coast da Legas. Yana cikin ƴan kasuwar arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan a haura da shi arewa. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, duk wanda ya rage kwanakin tafiya ya rage asara. Ya kuma riƙa sayen duwatsun wuya da tufafin Turai yana sayarwa. Abin da ya sauƙaƙa masa wannan shi ne Hausawan da ya sani a Accra da Kumasi da Legas da Ibadan, waɗanda ke karɓar kaya su tura ba tare da yana wurin ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke fata, amma manoma suka karkata ga gyaɗa, saboda tsofaffin fataken goro sun shiga ƙauyuka suna ba da kuɗi da tufafi tun kafin kaka, a biya su da amfanin gona. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyukan ba, ba su kuma da mutanen da za su amince wa da kuɗi. Ɗantata, wanda ya koma Kano da zama, yana da su. A 1918 ya fara sayen gyaɗa wa kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC. Ya raba jari ga yaransa da wakilansa kamar yadda madugai ke yi a da. Zuwa 1922 ya zarce manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Da aka buɗe reshen Bank of British West Africa a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20.

A ƙarshen rayuwarsa ya ga cewa tsohon tsarin amana kaɗai ba zai iya gogayya da kamfanonin Turai ba. Yana cikin attajiran da suka zuba dukiya a Kano Citizens Trading Company, kamfanin haɗin gwiwar ƴan kasuwar gari da aka kafa da nufin buɗe masaƙa ta ƴan ƙasa. Ya kuma zauna a majalisar Sarkin Kano, inda ƴan kasuwa suka samu mai magana da yawunsu.

Irin wannan tafarkin ne ya ɗaga Maraɗi a Nijar, inda cinikin gyaɗa ya haifar da alhazan gari, kowane da barorinsa da yake ba jari har su tsaya da ƙafarsu. Ƙungiyoyin ƴan goro da ƴan shanu da dillalai da ake gani yau a zangunan Kumasi da Accra ma daga wannan tushe suka fito, duk da cewa yanzu suna da rajista da shugabannin da ake zaɓa.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara ƴaƴansa, cikinsu har da Ahmadu da Sanusi da Aminu, ya umarce su da kada su rarraba kamfanin Alhassan Dantata and Sons, su kuma riƙe zumunci da dangi da talakawa. An binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa Mariya ƴar Sanusi Ɗantata ce, tattaɓa-kunnensa ne.