Ladi Kwali: Maginiyar Tukwanen Da Ta Kai Randar Gwari Har Landan

'Yan'uwa mata, a filinmu na tarihin fitattun mata, wannan karon za mu duba rayuwar wata baiwar Allah da kusan kowace uwargida ta taɓa riƙe hotonta, ko ma ta ƙulle shi a bakin zane, amma ba kowa ce ta san labarinta ba. In kika juya takardar naira ashirin, wadda aka fito da ita a 2007, za ki ga wata mata tana aikin tukunya, ga sunanta an rubuta. Ita ce Ladi Kwali, mace ta farko da aka sa hotonta tare da sunanta a takardar naira.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, wato mutanen da ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari. A yau Kwali na cikin Birnin Tarayya. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, yarinya tana tasowa tana ganin iyayenta mata cikin yumɓu, kamar yadda 'ya'yanmu ke tasowa suna ganin daka da tankaɗe. Ladi ba ta yi karatun boko ba. A wurin gwaggonta ta koyi sana'ar tun tana ƙarama, ta riƙa gina tukwanen girki da kasake da randunan ruwa.

Yana da kyau mu san yadda ake wannan gini, don a nan gwanintar take. Maginiya za ta ɗora curin yumɓu, ta rarake cikinsa da hannu, ta riƙa jan gefensa sama. Daga nan sai ta murza wani yumɓun ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa naɗa shi a baki tana shafewa, hawa bisa hawa. Tukunyar ba ta motsi, maginiyar ce ke zagaya ta, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har randa ta yi ciki ta yi wuya ta yi baki. Babu ma'auni, babu inji, ido ne kawai da hannu. In ta sha iska sai a yi mata ado, in ta bushe a tara itace da busasshiyar ciyawa a gasa a fili.

Abin da ya bambanta Ladi da sauran maginan shi ne daidaiton ginin ta da kuma adon ta. Takan raba jikin randa gida-gida da layuka, sannan ta zana halittun da ta saba gani a dajin garinsu: ƙadangare, kunama, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsu. Tsakaninsu kuma ta cike da ƙananan zane-zane da take yi da tsinke, ko ta hanyar mirgina murɗaɗɗen zare a kan ɗanyen yumɓu.

Daga fadar Sarki zuwa cibiyar horo

Sunanta ya fara fita tun kafin wani Bature ya san da ita. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa saboda kyansu. Kada 'yar'uwa ta rikice, Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar Abuja, wadda aka mayar da sunanta Suleja bayan da sabon babban birnin ƙasa ya ɗauki sunan.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta turo wani magini ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya zagaya ƙasar nan ya duba harkar tukwane. A fadar Sarkin Abuja ya ga aikin Ladi, ya kuwa tsaya masa a rai. Da aka ba shi aikin kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, sai ya zaɓi Abuja, saboda akwai yumɓu mai kyau, ga itace, ga ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. Cibiyar ta fara aiki a 1952. Manufar gwamnati ita ce a riƙa yin farantai da kofuna da butocin shayi masu sheƙi irin na tangaran a cikin gida, maimakon a yi ta shigo da su daga waje. Ɗaliban farko duk maza ne. A 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

A cibiyar ta koyi abubuwan da ba ta sani ba. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda tukunya ce ke zagayawa magini na wuri ɗaya. Ta koyi shafa ruwan sheƙi, da gashi a rufaffen tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta yi kwanuka da farantai da kofuna, tana buga musu hatimin haruffan sunanta, LK, a gindi.

Randar da ta daina sanyaya ruwa

To, a nan ne halin Ladi ya fito. Wata da ta samu sabon ilimi irin wannan, sai ta ga na gida ya zama ƙauyanci, ta watsar. Ladi ba ta yi haka ba. Ta iya faifai sosai, amma manyan randunanta ta ci gaba da gina su da hannu, tana zagayawa, yadda gwaggonta ta koya mata. Abin da ta sauya shi ne irin yumɓun, da irin gashin. Takan zana ƙadangarunta da kifayenta kamar da, ta cike ramin zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan sheƙi a kai, a sa a tanderu. In randa ta fito sai ka ga farin zane yana haskowa ta ƙarƙashin duhun sheƙi. Wannan haɗi na ginin Gwari da gashin tanderu shi ne ya ɗaukaka ta a duniya.

Sai dai akwai abin da aka rasa, kuma kowace mai randa a tsakar gida za ta gane shi. Randarmu ta gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, sai zafi ya tafi, na ciki ya yi sanyi. Randar da aka gasa da wuta mai tsanani aka lulluɓe da sheƙi kuwa ta toshe, ba ta tsattsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ga nauyi, ba mai ɗora ta a kafaɗa ta tafi rafi. Ga tsada, matar ƙauye ba za ta iya saye ba. Ashe kin ga randa ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo, masu sayenta kuma yawanci Turawa ne da masu hali. Ta samu daraja a kasuwar duniya, amma ta bar gindin bishiyar tsakar gida.

Baje koli da tafiye-tafiye

An nuna tukwanen cibiyar Abuja a gidan baje kolin Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma na Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila, ta kuma leƙa Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Abin da take yi a waɗannan wurare shi ne ta tsaya gaban ɗalibai da malamansu, a ba ta yumɓu, ta gina randa tun daga gindi har baki suna kallo. Ba ta bukaci dogon bayani ba, hannunta ya wadatar. Mutanen da suka saba da faifai da ma'auni suka ga mace ta fitar da randa daidai wa daida ba tare da ko ɗaya ba.

Shigarta cibiyar ta buɗe wa wasu mata ƙofa. Bayanta Halima Audu ta shiga, sannan Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto, kowacce da irin hannunta. Cardew ya bar cibiyar a 1965, Ladi kuwa ta ci gaba da aiki a wurin.

Lambobin yabo da rasuwarta

A 1963 Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, matar da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda Nijeriya ke bai wa waɗanda suka yi fice a fagen ilimi da fasaha, sai kuma lambar OON a 1981. Allah ya yi mata rasuwa a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

An sa wa cibiyar Suleja sunanta, haka ma wani titi a Abuja. Tukwanenta na ajiye a manyan gidajen tarihi, ciki har da Victoria and Albert a Landan da Smithsonian a Washinton. A 2022 an sake baje kolin aikinta a Landan tare da na wasu mata baƙar fata masu aikin yumɓu, waɗanda suka biyo bayanta.

Abin lura gare mu

Uwargida, abin da Landan ta yi sha'awa a wurin Ladi ba farantin da ta koya a cibiya ba ne, don suna da masu yin faranti birjik. Randar gwaggonta suka yi layi suna kallo. Da ta raina abin da ta taso da shi, da ta zama ɗaya daga cikin ma'aikata kawai. Da kuma ta ƙi koyon sabo, da wataƙila sunanta bai wuce fadar Sarki ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A gidajenmu akwai tsofaffi masu saƙar faifai, da ɗinkin hula, da kaɗi, da rini, da ginin tukwane, kuma da yawansu babu yarinya ko ɗaya da ke zama kusa da su tana koyo. Roba da firji sun kore randa daga gidaje da dama, wannan ba mai musu. Amma ilimin da ke hannun tsohuwa ba a rubuce yake ba, ranar da ta tafi ya tafi. In akwai irin wannan gwaggo a danginki, ki tura 'yarki wurinta a lokacin hutun makaranta tun tana da ƙarfin koyarwa.