Malam Sa'adu Zungur Da Jigon Waƙarsa

Duk ɗalibin da aka ba shi aikin gida a kan waƙar Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya, ya kuwa tsaya ga baitocinta kaɗai bai nemi sanin mai ita ba, to, da wuya ya kama jigonta. Wasu kan rubuta cewa yabon sarakuna ce, wasu kuma su ce kira ne a rushe sarauta. Duka biyun sun kauce hanya, tarihin marigayin kuwa shi ke nuna dalili.

An haifi Malam Sa'adu Zungur a garin Bauchi, a gidan malanta, ya kuma yi nisa a karatun Alƙur'ani da Larabci tun yana yaro. Daga nan ya shiga makarantar boko har ya kai Kwalejin Katsina. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta. Bayan ya komo ya koyar da aikin kiwon lafiya a Zariya, har rashin lafiya ya mai da shi gida.

A Bauchi ne, cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, ya haɗu da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a taron mahawara da 'yan boko suka kafa. Nan ya yi suna wajen faɗa wa Turawan mulki da manyan En'e gaskiya ido da ido, a zamanin da ma'aikaci kan rasa abincinsa saboda abin da bai kai haka ba. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, ya sake zama a Ikko.

To, a nan ne mabuɗin waƙar yake. Zaman da ya yi a Kudu ya nuna masa irin ratar da aka ba Arewa a ilmin zamani da aikin gwamnati da jaridu, ya kuma tsorata cewa in mulkin kai ya zo a haka, Arewa za ta zama 'yar kallo a gidanta. Ga shi kuma ya ga abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947, waɗanda aka haɗe ƙasashensu cikin sabuwar gwamnati, mulki ya kuɓuce musu. Saboda haka ya fuskanci sarakunan Arewa da gargaɗi: su yi adalci, su yaɗa ilmi, su saurari talakawa, su rungumi sarauta mai bin tsarin mulki irin ta Ingila, in ba haka ba guguwar jumhuriya ta yi awon gaba da su. Watau jigon waƙar gargaɗi ne, kishin Arewa da neman gyara kuwa su ne ƙananan jigogin da ke tallafe da shi. Ko abokan tafiyarsa ba duka suka yarda da shi ba, don Alhaji Mudi Sipikin ya mai da masa martani da tasa waƙar, Arewa Jumhuriya Kawai. Ɗalibin da ya jera su biyun zai fi gane kowacce.

Haka kuma Maraba Da Soja, wadda ya yi wa sojojinmu da suka komo daga yaƙin Bama. A sama barka da zuwa ce, amma zancen 'yanci na kwance a ƙarƙashinta. Waƙar Bidi'a kuwa ta malamin ce, mai yaƙi da al'adun da aka cusa cikin addini.

Malam Sa'adu ya ƙare rayuwarsa cikin doguwar jinya, yana ba jam'iyyar NEPU shawara. Allah Ya yi masa rasuwa a 1958, bai ga ranar mulkin kai ba. Nijeriya ta zama jumhuriya a 1963, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e.